Wayoyin Ketaren Gwari Da Adireshin Aro

Duk wanda ya bi ta Ketaren Gwari a cikin garin Minna da hantsi, abin da zai fara cika masa kunne shi ne ƙarar guduma da rurin injunan motoci, domin unguwar ta yi suna wajen makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyaran mota. Amma idan ya lura da kyau, zai ga wani ƙaramin kayan aiki wanda bai wuce tafin hannu ba, wanda kuma yanzu ya zama tamkar sufana a wurin masu wannan sana'a, watau wayar salula. Makanike zai kwance ƙarfen da ya lalace, kuma maimakon ya shiga mota ya nufi kasuwar Ladipo a Ikko ko Panteka a Kaduna, sai ya buga wa dillalinsa waya mai hoto, ya jujjuya masa ƙarfen gaba da baya. Dillali ya ɗauko irinsa ya nuna, a yi ciniki a gama, kaya su biyo motar haya.

To, amma ba kullum abin ke tafiya sumul ba. Wani lokaci waya takan daɗe tana neman haɗuwa kafin murya ta fito. Wani lokaci kuma murya takan iso a makare, har mutum biyu su riƙa cin karo da maganar juna, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya ci gaba. Jama'a kan ɗora laifin duka a kan rashin sabis, kuma sau da yawa gaskiyarsu ce. Sai dai akwai wani dalili na dabam wanda bai shafi ƙarfin sabis ba ko kaɗan, wanda kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. Dalilin shi ne, galibin wayoyin da ke Ketaren Gwari, kamar sauran na ƙasar nan, ba su da adireshin kansu a intanet. Da na aro suke fita.

Yadda aka raba adireshi

A zamanin kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, duk mai tarho a Minna yana da lambarsa shi kaɗai a ƙarƙashin 066, kuma wanda ya buga wannan lamba daga Kano ko daga Landan, teburin mai ita ƙararrawa za ta yi ƙara. Sai dai masu tarhon ba su da yawa, domin kafin zuwan wayar salula a 2001 layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su wuce kimanin 400,000 ba. Lambar salula ta yau ita ma ta mutum ɗaya ce. Amma kira ta WhatsApp ko makamancinsa ba ya bin wannan lamba a kan hanya. Lambar suna ce kawai da ake neman mutum da ita. Ita muryar ana yayyanka ta ne ƙanana-ƙanana, a ƙulle kowane yanki kamar wasiƙa, a rubuta masa adireshin inda ya fito da na inda za shi, a aika gomomi a cikin kowace daƙiƙa.

Tsarin wannan adireshi, wanda ake kira IPv4, a 1981 aka rubuta shi a Amurka, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan ɗaruruwa ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike na soja. Tsarin yana iya ɗaukar adireshi 4,294,967,296, kuma a wancan lokaci babu wanda ya yi zaton za su ƙare. Saboda haka aka yi ta rabo da hannu biyu. An kasa adireshin gida 256, kowane kaso yana da 16,777,216. Kamfanin motoci na Ford ya sami kaso guda cur, kamfanin Apple ma haka, Ma'aikatar Tsaron Amurka kuwa ta riƙe fiye da goma.

Afirka ta iso wurin rabo bayan an kusa suɗe ƙwarya. Sai a 2005 aka amince da hukumar rabon adireshi ta nahiyar, watau AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Morishiyos, kuma manyan kason da ke ƙarƙashin kulawarta shida ne kacal, watau adireshi miliyan 100 da 'yan kai. A 2023 kuwa, layukan salula da aka yi wa rajista a Nijeriya kaɗai sun haura miliyan 200. Ran 3 ga watan Fabrairu na 2011, ranar da Jihar Neja ta cika shekara 35 da ƙirƙira, aka yi wani ɗan biki a birnin Mayami inda aka raba kaso biyar na ƙarshe ga hukumomin nahiyoyi biyar. Tun daga ranar babban rumbu ya zama wayam.

Ta hannun hedimasta

Masana sun hango wannan ƙaranci tun da wuri. A watan Mayu na 1994 wasu injiniyoyi biyu, Kjeld Egevang da Paul Francis, suka wallafa wata dabara wadda ake taƙaita sunanta da NAT, ma'anarta kuwa musanya adireshi a bakin ƙofa. Su da kansu sun bayyana cewa maganin wucin gadi ne kafin a sami na dindindin. Ga shi an haura shekara 30 ana shan wannan magani.

Dattawan da suka yi zamani da gidan waya ba za su sha wahalar gane dabarar ba, domin sun san al'adar rubuta "ta hannun" a bayan ambulan. Ba kowa ke da akwatin gidan waya ba, saboda haka mutum ashirin ko talatin kan dogara da akwatin hedimasta ko na wani attajirin unguwa, shi ya karɓo ya rarraba. Haka kamfanin waya yake yi. Yana ba kowace waya wani adireshi na cikin gida wanda ba shi da amfani a waje, irin waɗanda ke farawa da 10, ko waɗanda ke tsakanin 100.64 da 100.127 da aka ware wa kamfanoni musamman a 2012. Idan wayar ta aika saƙo, sai wata na'ura da ke bakin ƙofar kamfanin ta goge adireshin cikin gida, ta rubuta na kamfani, ta ƙara wata lamba ta shaida daga cikin lambobi 65,536 da kowane adireshi ke da su, sa'an nan ta rubuta a littafinta cewa lamba kaza ta wayar wane ce. Idan amsa ta dawo ɗauke da wannan lamba, sai ta duba littafi ta miƙa wa mai ita. Da haka ɗaruruwan mutane, wasu a Bosso, wasu a Tunga, wasu ma a wata jihar, za su iya fita duniya da adireshi ɗaya ba tare da sun san juna ba.

Wanda ke son ya tabbatar da haka yana iya duba adireshin da wayarsa ta nuna a cikin saitinta, sa'an nan ya buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke gaya wa mutum adireshin da ya iso da shi. Da wuya su zo ɗaya. A shagon da ake amfani da ɗan akwatin nan mai rarraba intanet kuwa, musanyar sau biyu ake yin ta. Akwatin yana ba wayoyin shagon adireshi mai farawa da 192.168, shi kuma kamfani ya ba akwatin nasa na cikin gida. Zaure ke nan a cikin zaure.

Sai dai wannan hedimasta yana da wata ɗabi'a wadda na da ba shi da ita. Ba ya karɓar wasiƙa sai wadda ta zo a matsayin amsar wadda aka aika ta hannunsa. Duk wadda ta zo haka kawai, ba tare da an rubuta lambarta a littafi ba, yar da ita yake yi, domin bai san wa zai ba ba. Bugu da ƙari, littafin nasa ba ya riƙe abu da daɗewa. Ƙa'idar da aka tsara a 2007 ta ce kada a goge lamba kafin minti biyu da yin shiru, amma akwai na'urori da yawa da ba sa jira haka.

Ga mai karanta labarai ko mai kallon majigi, wannan ɗabi'a ba ta hana komai, tun da shi ne ke fara tambaya, babbar kwamfutar da ke can waje mai adireshin kanta ta ba shi amsa. Kiran murya kuwa sha'aninsa dabam ne. Makanike yana bayan ƙofar kamfaninsa, dillali yana bayan ƙofar nasa, kuma babu ɗayansu da ya san adireshin da yake fita da shi, balle ya gaya wa ɗan'uwansa. Duk wanda ya fara aikawa, mai gadin ɗaya ɓangaren zai mayar da shi baƙo ya yar da saƙonsa. Ofisoshin da suka sayi tarhon tebur mai aiki da intanet sun san wannan ciwo sarai. Tsarin SIP da irin waɗannan tarho ke bi, wanda aka daidaita a 2002, yana rubuta adireshin mai kira a cikin takardar kanta, ba a bayan ambulan kaɗai ba. Mai gadi ya gyara na bayan ambulan ya bar na ciki, shi kuma wanda aka kira ya dinga aika muryarsa zuwa adireshin cikin gida wanda babu hanyar zuwa gare shi. Sakamakon shi ne tarho ya yi ƙara, a ɗauka, mutum ɗaya yana ji, ɗayan kuwa shiru kamar an shuka dusa.

Dabarun tsallake mai gadi

Da yake ba a iya kawar da mai gadin ba, sai aka shiga neman hanyar yi masa wayo. Dabara ta farko, mai suna STUN, ta fito a 2003. Wayar takan aika ɗan gajeren saƙo zuwa wata kwamfuta da ke waje, ta tambaye ta da wane adireshi da wace lamba saƙon ya iso. Da ta sami amsa, ta san fuskar da duniya ke ganinta da ita ke nan. Wayar ɗaya ɓangaren ita ma ta yi haka, sa'an nan su yi musayar abin da suka gano ta hannun kamfanin da ke haɗa kiran. Daga nan sai su biyun su aika wa juna saƙo a lokaci guda. Kowane mai gadi ya ga cewa na cikin gidansa ne ya fara aikawa, sai ya rubuta a littafi, saboda haka idan saƙon wancan ya iso sai ya ɗauka amsa ce ya bar shi ya wuce. Masana na kiran wannan huda rami. Muddin ana magana ramin yana nan a buɗe, kuma ko an yi shiru wayar takan riƙa aika 'yan saƙonnin da babu komai a cikinsu don kada a goge lambar.

Amma akwai mai gadin da ya fi haka tsanani, kuma ana samun irinsa a kamfanonin salula da manyan ofisoshi. Shi wannan, kowane sabon wuri da waya za ta aika saƙo, sabuwar lamba yake ba ta. Lambar da kwamfutar waje ta gani dabam, wadda za a yi amfani da ita wajen dillali dabam, saboda haka abin da aka gano da farko ya tashi a banza. Idan ɓangarorin biyu duk irin wannan mai gadi gare su, rami ba ya huduwa. A nan ne ake komawa ga dabara ta biyu, watau TURN, wadda aka daidaita a 2010. Ita wannan ɗan tsakiya ake nema, wata babbar kwamfuta mai adireshin kanta. Kowane ɓangare ya aika mata muryarsa, ita kuma ta miƙa wa ɗayan. A wannan shekara kuma aka fitar da ta uku, ICE, wadda ba wata sabuwar hanya ba ce illa tsarin gwaji: wayoyin biyu su jera duk hanyoyin da za su yiwu, su gwada su ɗaya bayan ɗaya cikin gaggawa, su zaɓi mafi kyau daga cikin waɗanda suka yi aiki. Wani ɓangare na 'yan daƙiƙoƙin nan da mutum ke jira bayan an ɗauki waya, a wannan gwaji yake tafiya.

Kamfanin Skype, wanda ya fito a 2003, da irin wannan wayo ya ci kasuwa. Da farko ma kwamfutocin masu amfani da shi waɗanda suka yi sa'ar samun adireshin kansu yake mayarwa 'yan tsakiya, su ɗauki nauyin haɗa wasu. Microsoft ya saye shi a 2011, ya kuma rufe shi a watan Mayu na 2025. WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, na hoto kuma a 2016, kuma daga lokacin ne abin ya shiga hannun kowa a irin su Ketaren Gwari.

Abin da aro ke jawowa

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Hasara ta farko ita ce jinkiri. Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ta isa kunnen mai saurare, domin daga nan hira takan fara lalacewa. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin zaren gilashi. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Ikko zuwa Fotugal. Ke nan idan aka yi rashin sa'a ɗan tsakiya yana Turai, muryar mutumin Minna da ke magana da na Kaduna za ta cinye kashi 70 a zuwa da dawowa cikin teku kawai, kusan rabin abin da aka yarda, tun ba a lissafa hanyar Minna zuwa Ikko da jiran da ake yi a hasumiyar sabis ba. Wannan ne ya sa wurin da aka ajiye irin waɗannan kwamfutoci yake da muhimmanci, haka kuma cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, wadda ke haɗa kamfanonin cikin gida don kada saƙon maƙwabci ya bi ta ƙetare. Abin da ya faru ran 14 ga watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma harkoki suka tsaya cik a wurare da yawa, ya nuna yawan abin da har yanzu ke bi ta can.

Ta biyu ita ce dogaro. Tun da waya ba ta iya samun 'yar'uwarta kai tsaye sai da mai gabatarwa, wani lokaci har da ɗan tsakiya, to duk wanda ke da kuɗin ajiye manyan kwamfutoci a nahiyoyi shi ke da kasuwa. Ƙaramin kamfanin cikin gida da ke son ya kafa nasa tsarin kira dole ya ɗauki wannan nauyi. Haka mai shagon kayan gyara da ya kafa kyamarar tsaro yana son ya riƙa leƙa shagonsa daga gida cikin dare. Ba zai iya shiga wurin kyamarar kai tsaye ba, sai dai hoton shagonsa ya nemi hanya ta kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta, ko kuma ya biya ƙarin kuɗi a ba shi adireshin kansa.

Ta uku ta shafi shari'a. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar saƙonni har shekara biyu. Amma idan an yi zamba da wani adireshi, sanin adireshin kaɗai ba ya nuna mai laifi, tun da ɗaruruwa ke amfani da shi. Sai an haɗa da lambar shaidar nan da ainihin daƙiƙar da abin ya faru. Hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai ta koka da wannan a fili a 2017. Ya kamata alƙalai da masu bincike a ƙasar nan su riƙe wannan da kyau, don kada a ɗora wa mai gaskiya laifin wanda bai taɓa gani ba. Ko ba a je kotu ba ma, shafin da ya toshe adireshi saboda ɓarnar mutum ɗaya, duk abokan aronsa ya toshe.

Gaskiya ne aron yana da ɗan amfaninsa. Mai gadin da ke yar da baƙin saƙonni yana tare wasu masu neman kutse, kuma wanda aka yi kira da shi kai tsaye ba ya ganin komai sai adireshin kamfani. Duk da haka WhatsApp ya ƙara wani zaɓi a watan Nuwamba na 2023, wanda ke sa duk kiran mutum ya bi ta ɗan tsakiya don a ɓoye adireshinsa, tare da gargaɗin cewa ingancin kiran zai iya raguwa.

Maganin dindindin kuwa ya daɗe da samuwa. Sabon tsari mai suna IPv6, wanda aka daidaita a 1998 aka kuma ƙaddamar a duniya ran 6 ga watan Yuni na 2012, yana da adireshi da yawansu sai an rubuta lambobi 39 a jere. Da shi kowace waya da kowace kyamara za ta sami nata. Indiya, wadda ita ma ta makara a rabon farko, ta rungume shi bayan fitowar kamfanin Jio a 2016, har fiye da rabin masu intanet a can da shi suke aiki. A Nijeriya tafiyar ta yi nawa ƙwarai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sauyin yana cin kuɗi da horar da ma'aikata, mai saye kuma ba ya neman abin da bai san da shi ba, tun da dabarun tsallake mai gadi sun rufe masa ido daga ganin matsalar.

Tsohon adireshin kuwa ya zama haja. A 2021 da 2022 an sayar da guda ɗaya har dala 50 a kasuwannin duniya. Rigima a kan adireshi fiye da miliyan 6 tsakanin AFRINIC da wani kamfani mai suna Cloud Innovation ta kai ga kotun Morishiyos ta rufe asusun hukumar a 2021, sa'an nan a 2023 ta naɗa mata mai riƙo. Tun daga Janairun 2020 ma hukumar ta shiga matakin tsimi, inda ɗan kaɗan take ba kowane mai nema.

Ya dace Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, wadda ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ta riƙa tambayarsu a fili kashi nawa na masu hulɗa da su suka sami sabon adireshi. Manyan masu saye kamar Gwamnatin Jihar Neja da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna su ma suna da ta cewa, idan suka sa shi cikin sharuɗɗan kwangilar intanet da suke bayarwa. Ko an yi sauyin, wayoyi za su ci gaba da gwajin hanyoyi kafin kira ya haɗu, domin katangun tsaro za su ci gaba da tare baƙin saƙonni. Bambancin shi ne kowace waya za ta san adireshinta, kuma adireshin da ta gaya wa dillalin Panteka shi ne ainihin wanda zai same ta da shi.